Darasi na 9: Damfarar Soyayya a Intanet, Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Kauce Mata

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana abin da ake nufi da damfarar soyayya.
2. Gane matakan da ɗan damfara ke bi tun daga sallama har zuwa roƙon kuɗi.
3. Bincika mutumin da ya haɗu da shi a waya kafin ya ba shi amana.
4. Sanin abin da zai yi idan an damfare shi ko an damfari wani nasa.

1. MECE CE DAMFARAR SOYAYYA?

Neman aure ta waya ya zama ruwan dare. Akwai waɗanda suka haɗu a Facebook ko a zauren haɗa aure na WhatsApp, iyaye suka shiga maganar, aka ɗaura, yau suna zaune lafiya da 'ya'yansu. Saboda haka wannan darasi bai zo ya hana kowa gaisawa da kowa ba. Ya zo ne ya koya mana bambance mai neman aure da mai neman aljihu.

┌ AKWATIN MA'ANA
│ Damfarar soyayya: mutum ya nuna wa wani ƙauna ta ƙarya, ko ya yi masa alkawarin aure, don ya karɓe masa kuɗi, ko kaya, ko bayanan bankinsa.
│ Asusun bogi: shafin da aka buɗe a intanet da sunan ƙarya da hoton wani.
└

Abin ba ƙarami ba ne. A Amurka, hukumar kare masu saye ta FTC ta ce a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 70,000 suka kai ƙarar irin wannan damfara, asarar kuma ta kai dala biliyan 1.3. A nan gida, a watan Disamba na 2024, hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce an cika benen da kwamfutoci, an ɗauki matasa aiki, aikinsu kawai su ƙulla soyayya da mutanen Amurka da Kanada da Turai, idan ta ƙullu sai a ja mutum zuwa zuba jarin ƙarya.

Ku lura da abin da wannan labari ke nunawa. Wanda ke turo maka kalaman ƙauna da tsakar dare yana iya zama ma'aikaci ne a bakin aikinsa, da rubutattun kalamai a gabansa, yana hira da mutum goma a lokaci guda. Ya ƙware a wannan kamar yadda kowa ke ƙwarewa a sana'arsa. Shi ya sa malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki ma suke faɗawa. Kada ɗalibi ya ce a ransa, "Ni dai ba za a yi min ba." Kuma dabarar da ake yi wa Bature da Turanci, ita ake yi wa bazawara a Kano ko Maraɗi da Hausa tsantsa, da sallama da "in sha Allahu" a kowane saƙo.

2. MATAKAI HUƊU DA ƊAN DAMFARA KE BI

Suna da labari iri-iri, amma hanyar kusan ɗaya ce.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Yana duba shafinka kafin ya yi maka magana. Idan mace ta sa sanarwar rasuwar mijinta, ya gani. Idan magidanci yana yawan sa hoton shagonsa, ya gani. Idan saurayi yana rubuta cewa ya gaji da zaman banza yana son fita waje, ya gani. Sai ya zo a matsayin abin da mutumin ya rasa: ga wadda mijinta ya rasu, ya zo a matsayin mai hankali da matarsa ta rasu ta bar masa yarinya, ga mai shago, ya zo a matsayin kyakkyawar budurwa mai ladabi.

Mataki na biyu shi ne kiwo, kuma a nan ya fi daɗewa. Kamar mai kiwon ragon sallah ne, dusa da harawa ba sa yankewa, domin ya san ranar da yake jira. Da asuba ya tashe ki salla. Da rana ya tambaya ko kin ci abinci. Ya riƙe sunan 'ya'yanki, ya tambayi jikin Inna. Cikin mako ɗaya ya fara cewa "matata", ko "tunda nake ban taɓa jin abin da nake ji ba". Wani lokaci shi ne ma zai fara turo miki katin waya na dubu ɗaya. A wannan mataki ba ya roƙon komai, kuma yana iya yin wata biyu ko uku a haka. Mutumin da ya daɗe ba a tambaye shi yadda ya kwana ba, wannan kulawa tana shiga ransa ƙwarai. Wannan ba wauta ba ce, halin ɗan Adam ne.

Mataki na uku shi ne keɓewa. Zai ce a bar zauren da aka haɗu a koma hira ta sirri. Sannan ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa tukuna, kin san mutane da baki, mahassada sun yi yawa." A ra'ayina wannan jimla ita ce alama mafi girma a duk darasin nan, ta fi roƙon kuɗi ma, domin tana zuwa kafin a yi asara. Mai son aure da gaske yana neman hanyar da zai san mutanenki, su ma su san shi. Ɗan damfara kuwa ba abin da yake tsoro kamar yayanki ko ƙawarki mai wayo su ji labarinsa.

Mataki na huɗu shi ne roƙo. Yana farawa da kaɗan, kuma kullum da gaggawa: yau-yau, kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba komai ya lalace. Gaggawar ba don komai ba ce sai don kada a sami lokacin tunani ko shawara.

MISALI NA 1

Wannan misali an tsara shi ne don koyarwa. Wata bazawara ce mai sayar da atamfa a gida. Wani ya yi mata magana a Facebook, ya ce injiniya ne ɗan asalin Katsina da ke aiki a Dubai. Bayan wata biyu ana hira, ga abin da ya biyo baya:

Ya ce an rufe masa asusu, ta sa masa data: N5,000.
Ya ce 'yarsa tana asibiti a gida, ba ya iya turo kuɗi: N35,000.
Ya ce ya aiko mata da akwatin lefe da sarƙar gwal, an riƙe a kwastan: N120,000.
Wani ya kira ya ce shi jami'i ne, an ga daloli a akwatin, sai an biya tara ko a kama ta: N250,000.

Jimla: 5,000 + 35,000 + 120,000 + 250,000 = N410,000.

Da ya roƙi N410,000 a rana ɗaya, da ba ta bayar ba. Amma bayan ta biya na uku, sai ta ga idan ta tsaya, N160,000 da ta riga ta kashe sun tafi a banza, don haka ta ci bashin na huɗu. Wannan tunani shi ne tarkon. Kuɗin da suka tafi ba sa dawowa don an bi su da wasu.

Bayan biya na huɗu, da ta sake neman rance, wannan karon wajen yayanta, ga yadda suka yi:

"Yaya, ka rufa min asiri da dubu ɗari, zan mayar ƙarshen wata."
"Ƙanwata, kuɗi ba matsala ba ne. Mutumin nan kin taɓa ganinsa ido da ido?"
"A'a, Yaya, yana Dubai."
"To wace unguwa ce gidansu a Katsina, kuma wa ye waliyyinsa?"
"Ya ce sai ya dawo zai kai ni."
"Da kika tura kuɗin, sunan wa ya fito a wayarki?"

Ta duba. Sau huɗu ta tura, sunaye uku daban-daban suka fito, ba ko ɗaya da ya yi kama da nasa. Kowane lokaci yana cewa asusun abokinsa ne. Tambayoyin yayan nan uku, kowa zai iya yi wa kansa su kafin ya danna tura.

3. LABARAN DA SUKA FI YAWAN BAYARWA

Labarin soja: ya sa hoton kaki, ya ce sojan Amurka ne a filin daga, yana neman kuɗin da zai biya a ba shi hutu. Rundunar sojan Amurka ta sha gargaɗi cewa sojojinta ba sa biyan kuɗi don samun hutu, kuma ba sa buƙatar kuɗin wani don abinci ko magani.

Labarin kaya a kwastan: mun gan shi a misali. Harajin kwastan na gwamnati ne, ba a biyan sa a asusun wani mutum.

Labarin kuɗin mota: wannan maza aka fi yi wa. "Budurwar" za ta ce za ta zo, a turo kuɗin mota. Sai mota ta lalace a hanya, sai waya ta faɗi, sai a ƙara. Sau da yawa namiji ne ke riƙe da wayar.

Labarin tauraro: asusu da sunan wani jarumin fim ɗin Hausa ko mawaƙi ko malami, wai ya zaɓe ki a cikin dubban masoya.

Labarin jari: wannan ya fi wayo, domin ba ya roƙon komai. Zai ce yana samun riba a kasuwar kirifto, yana so ke ma ki amfana saboda gaba. Ya ba ki wata manhaja, ki sa dubu ashirin, ki ga ta zama talatin, har ki iya cira. Da kin sa babban kuɗi, ƙofa ta rufe. Lambobin da ke kan allo su ne ke rubuta su da hannunsu.

Akwai kuma wanda zai ce, "Za a turo kuɗi asusunki, ki cire ki tura wa wane." Kada a yarda ko da za a ba da lada. Kuɗin sata ne ake wankewa, kuma idan bincike ya tashi, sunan mai asusun za a fara gani.

┌ AKWATIN MA'ANA
│ PIN: lambobin sirri na katin ATM ko manhajar banki.
│ OTP: lambar da banki ke turowa ta saƙon waya don tabbatar da ciniki, sau ɗaya ake amfani da ita.
│ BVN: lambar shaida ta banki mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014.
│ Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar PIN ko OTP. Masoyi ma ba shi da abin yi da su.
└

4. BARAZANA DA HOTUNA

Wannan sashe yana da nauyin faɗa, amma shiru a kansa shi ke cutar da mutane. Ɗan damfara yana lallaɓar mutum har ya turo hoton tsiraicinsa, ko ya ɗauki bidiyonsa a ɓoye lokacin kira. Daga nan murya ta canja: "Ka turo dubu hamsin ko in tura wa matarka da 'yan masallacinku." A watan Yuli na 2024, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan aiki.

┌ AKWATIN MA'ANA
│ Tatsa da barazana: a riƙe wani sirri ko hoton mutum, a ce sai ya biya kuɗi ko a tona masa asiri.
└

Kariya ta farko a bayyane take: hoton da ba ka so mahaifiyarka ta gani, kada ya fita daga wayarka zuwa ta kowa, ko da an yi baiko. Idan kuwa ya riga ya fita, kada a biya. Biya ba ya goge hoto, yana dai nuna wa mai barazanar cewa akwai sauran abin tatsa, gobe zai dawo da farashi sabo. A daina amsa masa, a ajiye shaida, a faɗa wa babba guda ɗaya da aka amince da shi, a kai ƙara. Iyaye su sani cewa samari 'yan makaranta suna cikin waɗanda ake yi wa wannan. Yaron da ya san duka da tsinuwa ke jiransa a gida zai ɓoye, ya saci kuɗi ya biya, wani ma ya cutar da kansa. Wanda ya san za a saurare shi zai zo da wuri.

5. YADDA AKE BINCIKE

Ba sabon ilimi ake buƙata ba. Tun kafin waya, Bahaushe ba ya ba da 'yarsa sai an yi bincike. Saurayi ya zo zance a ƙofar gida kowa ya gan shi, a ce ya turo magabatansa, a aika a tambayi asalinsa da sana'arsa da halinsa a unguwarsu, sannan a yi maganar sa rana da sadaki. A duk wannan tsari, sanin mutum ke gaba, kuɗi na baya. Ɗan damfara yana juya tsarin ne: kuɗi yanzu, sani sai wani jiƙon. Aikinmu mu mayar da kowanne wurinsa.

Ga abin da za a yi a aikace.

A nemi kiran bidiyo ba tare da sa lokaci ba. Idan kullum kyamara ta lalace, ko wurin aiki sun hana, ko ba sabis, alama ce. Amma a sani, yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya canja fuska da murya, don haka bidiyo kaɗai bai isa shaida ba.

A binciki hoto. A ajiye hotonsa a waya, a buɗe Google Lens, a sa hoton a ciki. Idan ya fito da wani suna a wata ƙasa, magana ta ƙare. Idan bai fito ba, wannan bai wanke shi ba, a ci gaba da sauran bincike.

A duba shafin da kyau. Yaushe aka buɗe shi? Akwai 'yan uwa da abokan makaranta da ke masa magana kamar sun san shi, ko duk abokansa mata ne baƙi? Akwai hoton biki ko suna ko sallah tare da dangi?

A yi tambayar da ɗan gari kaɗai zai amsa, a kuma maimaita ta bayan kwana biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ke hira da mutane da yawa yana manta abin da ya faɗa wa kowanne.

Mafi ƙarfi duka: a ce ya turo wani nasa. Ko yana bangon duniya, yana da kawu ko yaya ko aminin uba a gida. Ya zo ya gaisa da manya, a san gidansa. Mai gaskiya zai ji daɗin wannan buƙata. Maƙaryaci zai yi fushi, ya ce ba a yarda da shi ba, ya ce an ɓata masa rai. Fushin nan amsa ce.

Idan an kai ga haɗuwa, a yi ta a gidan iyaye ko wurin da jama'a suke, da rana, da rakiya. Kada a yi tafiya zuwa wani gari don ganin wanda ba a sani ba, ko da shi ya biya kuɗin jirgi. A watan Yuli na 2012, wasu da suka saba da wata ɗalibar digiri na biyu a Facebook sun gayyace ta Legas, suka kashe ta a ɗakin otal a unguwar Festac, suka kwashe kayanta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Abin da ake tsaro a nan ya wuce kuɗi.

MISALI NA 2

Wani mai shagon kayan masarufi ya yi wata guda yana hira da wata a WhatsApp. Ta ce tana Zariya, za ta zo ta gan shi, ya turo N15,000 na mota. Me ya kamata ya yi?

Amsa: kada ya tura. Ya ce mata, "Ai ni ya kamata in zo. Ki ba ni kwatancen gidanku, ranar Asabar zan zo da ƙanina mu gaida Baba." Idan da gaske take, ta sami abin da ya fi kuɗin mota. Idan ta kawo uzuri ta koma kan maganar kuɗi, ya gane, kuma bai yi asarar ko sisi ba.

6. IDAN TA RIGA TA FARU

A daina tura kuɗi nan take, ko me aka riga aka kashe. Kafin a toshe lambarsa, a ɗauki hoton hirarrakin, a ajiye rasit da lambobin asusun da aka tura wa kuɗi da lambar wayarsa. A garzaya banki a ranar, domin wani lokaci ana iya riƙe kuɗin idan ba a cire ba, kuma kowace awa tana da muhimmanci. Idan an ba da PIN ko OTP, a sa banki ya rufe katin, a canja lambobin sirri.

Sannan a kai ƙara ofishin 'yan sanda ko EFCC. Doka tana bayan wanda aka cuta. A Najeriya akwai dokar damfara ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka gyara a 2024. Nijar ma ta yi tata dokar laifukan intanet a 2019. A kuma kai rahoton asusun ga Facebook ko WhatsApp don kada ya koma kan wata.

A yi hattara da damfara ta biyu. Bayan kwanaki wani zai iya kira ya ce shi jami'i ne ko lauya, an gano kuɗin, a biya wani abu a karɓo. Sau da yawa su ɗin ne suka dawo da wata riga.

Magana ta ƙarshe a wannan sashe ta dangi ce. Wanda aka damfara ya yi asara biyu, ta kuɗi da ta mutumin da ya ɗauka masoyi ne, ta biyun kuma takan fi ciwo. Idan 'yar uwarku ta zo da wannan labari, kada a tarbe ta da "ai maganinki ke nan". A ce mata sannu, a raka ta banki, a rufa mata asiri a unguwa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Da kalmominka, mece ce damfarar soyayya?
2. Lissafa matakai huɗu da ɗan damfara ke bi. A wanne ne ba ya roƙon komai, kuma me ya sa?
3. Me ya sa "kada ki faɗa wa kowa" alama ce ta haɗari?
4. A Misali na 1, nawa matar ta kashe kafin biya na huɗu? Nawa za ta tsira da shi da ta tsaya bayan biya na biyu?
5. Waɗanne tambayoyi uku yayanta ya yi mata?
6. Gaskiya ko ƙarya: (a) Kiran bidiyo ya isa shaida cewa mutum na gaskiya ne. (b) Biyan mai barazana yana sa ya goge hoto. (c) Ma'aikacin banki yana iya tambayar OTP.
7. Wani da kuka haɗu a Facebook ya ce za a turo kuɗi asusunka ka tura wa abokinsa, ka riƙe dubu goma. Me za ka ce masa, kuma me ya sa?
8. Faɗi abubuwa huɗu da za a yi a ranar da aka gane an yi damfara.
9. Aikin rukuni: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ƙanwa da ke shirin tura kuɗi ga wanda ba ta taɓa gani ba, ɗaya ya zama yaya. Yaya ya nemi hanyar hana ta ba tare da ya kunyata ta ba.